Haƙuri Dabam, Karaya Dabam: Nasiha Game da Masu Ciwon Ƙandarewar Fata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci cuta kuma Ya halicci magani, Ya sanya lafiya ta zama aro a hannun bawa, Ya sanya jinya ta zama wankin zunubi ga wanda ya daure. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a hunturun da ya wuce mun je gaida matar wani ɗan'uwa da muke haɗa sahu da shi a masallaci. Mace ce da ba ta cika shekara 40 ba, uwar ƴaƴa 5, wadda a da ita ke dama furar sayarwa tana taya maigida rufin asiri. Yau shekara 3 ke nan da yatsunta suka fara sandarewa, har ta kai ba ta iya riƙe ludayi, balle taɓarya. Muka tsaya daga bakin ƙofa, mijin yana ciki, muka yi mata sannu, muka tambaye ta ko tana shan maganin da likita ya rubuta mata a Yamai. Sai ta ce: "Malam, ni kam na bari. In na sha, haka. In ban sha ba, haka. Abin da Allah Ya rubuta shi zai faru." Wata tsohuwa daga cikin dangi ta karɓe: "Kun ji ko? Haƙurin yarinyar nan ya isa, ko uffan ba ta cewa." Mu ma muka ce Allah Ya ƙara haƙuri, muka yi addu'a, muka shafa, muka fito.

Sai da muka yi nisa maganar ta dawo mana a rai. Ƙarshen zancenta gaskiya ne wadda babu mai imanin da zai musa. Amma farkonsa fa? Shin abin da muka yaba a ɗakin nan haƙuri ne, ko kuwa zuciya ce ta karye muka sa mata sunan haƙuri domin mu samu mu fito da sauƙi? Wannan tambaya ita ta sa muka nemi sani a wurin ma'abota sani, kuma abin da muka samo shi muke so mu gabatar muku.

Ciwon da ke damun wannan baiwar Allah, likitoci na kiran sa sikileroderma, daga kalmomi biyu na Girkanci masu nufin tauri da fata. Mu sai mu ce ciwon ƙandarewar fata. Asalinsa daga garkuwar jiki ne, wato rundunar da Allah Ya ajiye a jikin mutum domin yaƙar cuta. Sai ta rikice ta juya kan mai ita, ƙananan hanyoyin jini su ƙuntata, jiki kuma ya dinga saƙa irin naman nan mai tauri da yake yi idan miki zai warke, alhali babu miki. Fata ta yi tauri tana sheƙi, ba ta tsunkulowa. Yatsu su lanƙwashe su ƙi miƙewa, ƙananan gyambuna su ɓullo a kawunansu. Baki ya tsuke har loma da asuwaki su zama aiki. Ga mai baƙar fata akan ga launi ya ɓaci, fari da baƙi a cakuɗe, abin da likitoci ke kamantawa da gishirin da aka cuɗa da masoro. Mafi yawan masu ciwon suna fara ganin alama a lokacin sanyi: jini ya ɗauke daga yatsu, su yi fari ko toka-toka, su yi sanyi ƙarara, sannan jinin ya dawo da zafi da raɗaɗi. Wani likitan Faransa mai suna Maurice Raynaud ne ya siffanta wannan alama a shekara ta 1862, kuma da sunansa ake kiran ta har yau.

Da a fata kaɗai ciwon ya tsaya, da da sauƙi. Ga wasu yakan shiga maƙoshi ya kawo ƙwannafi da wahalar haɗiya, ya shiga huhu numfashi ya gajarce, ya taɓa zuciya ko ƙoda. Ya fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50, wato daidai lokacin da gida ya rataya a wuyansu, kuma bincike ya nuna yakan zo da wuri da tsanani ga baƙar fata. Maza ma ba su tsira ba. Tun a shekara ta 1957 wani likita mai suna Erasmus ya lura da yawan ciwon a tsakanin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, saboda ƙurar dutsen da suke shaƙa. Iyayen samarin da suka kwarara Jado tun daga 2014 su riƙe wannan. Ciwo ne da ba shi da yawa cikin jama'a, shi ya sa mai shi yakan yi shekaru yana yawo tsakanin masu magani kafin a gane abin da ke damun sa.

To, likitoci mutane ne masu son awo. Suna da hanyar auna taurin fata wadda ake jingina wa wani likitan Amurka mai suna Rodnan: a tsunkuli fata a wurare 17 na jiki, a ba kowane wuri maki daga 0 zuwa 3, jimla mafi girma ta zama 51. Suna auna numfashi, suna auna jini. Amma da tafiya ta yi tafiya sai suka ga mutum biyu masu awon fata iri ɗaya, ɗaya tana lallaɓawa tana harkar gidanta, ɗaya kuwa ta kwanta ta juya fuska ga bango. Ashe akwai wani tauri na biyu da yatsan likita ba ya tsunkulowa, wanda yake cikin ƙirji, shi ne mutum ya sakankance cewa duk abin da zai yi ba zai sauya kome ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nazarin wannan hali. A shekara ta 1967, a jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji da karnuka. Suka ɗaure wasu suna jona musu lantarki ta yadda babu abin da za su yi su tsayar da shi. Daga baya suka saka su cikin akwati mai ɗan gajeren shinge, wanda tsallake shi kaɗai ya isa su kuɓuta. Mafi yawansu ba su ko gwada ba, kwanciya suka yi suna kuka. Ba mu yaba azabtar da dabba ba, addininmu ya hana, kuma Allah Ya girmama ɗan Adam ga barin a daidaita shi da kare. Abin lura dai shi ne yadda aka warkar da su: kira da lallashi ba su yi amfani ba, sai da aka dinga jan su da hannu ana tsallakar da su, sau da yawa, har suka gane da ƙafafunsu cewa motsi yana da amfani. Bayan kusan shekara 50, a 2016, mutanen nan biyu suka fito suka gyara maganarsu ta farko. Suka ce binciken ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sarewa a gaban wahala mai tsawo ba koyon ta ake yi ba, ita ce abin da jiki ke faɗawa da kansa. Abin da ake koya shi ne sanin cewa akwai wani abu a hannunka. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Daga wannan nazari ne wasu masana a jami'ar Vanderbilt, cikinsu da Nicassio da Wallston da Callahan da Pincus, suka tsara takardar tambayoyi 15 a shekara ta 1985 domin auna jin gazawa ga masu ciwon gaɓoɓi. A 1988 aka gyara lafazinta domin ta dace da sauran cututtuka masu kama da shi, daga baya aka tace tambayoyi 5 daga ciki. Akan karanta wa majinyaci magana, shi kuma ya faɗi gwargwadon yardarsa da ita a mataki 5, daga ƙin yarda ƙwarai zuwa yarda ƙwarai, jimlar maki ta kama daga 5 zuwa 25. A shekara ta 2017 masu bincike na jami'ar California da ke Los Angeles suka buga sakamakon gwada wannan ma'auni ga masu ciwon ƙandarewar fata. Abin da ake ta gani a irin waɗannan bincike shi ne, wanda makinsa ya yi sama yakan fi kukan raɗaɗi, ya fi kasa aikin yau da kullum, ya fi faɗawa cikin baƙin ciki mai nauyi, kuma ya fi saurin sakin magani da motsa jikin da aka umarce shi.

Me ake tambaya a takardar? Ana tambayar mutum ko yana jin ciwon ne ke juya rayuwarsa. Ana tambayar sa ko yana jin da babu taimakon mutane da ya rasa yadda zai yi. Sannan akwai wata tambaya wadda saboda ita muka ɗauki alƙalami: ana tambayar sa ko yana ganin ƙaddara da wasu abubuwan da suka fi ƙarfinsa su ke tafiyar da ciwonsa. In ya ce ya yarda ƙwarai, sai a rubuta masa maki mafi girma na gazawa.

Ya ku ƴan'uwa, a kawo wannan takarda Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, a karanta ta ga duk wanda ya fito sallar Juma'a, mai lafiya da marar lafiya. Wane ne zai ce bai yarda ƙaddara ke tafiyar da lamarinsa ba? Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne daga rukunan imani 6. Limami zai ci maki 5 a wannan tambaya, ladan zai ci 5, tsohon da ya shekara 70 yana noma gonarsa da hannunsa shi ma zai ci 5. Haka tambayar dogaro da mutane: a ƙasar da aka tsara ta, mutum yakan ji kunya in ya buƙaci wani, mu kuwa a nan wanda ba shi da mai ɗaukar masa buta shi ake tausaya wa. Saboda haka muna kira ga ƴaƴanmu likitoci da masu bincike, duk wanda zai juya irin wannan ma'auni zuwa Hausa, kada ya tsaya ga juya kalmomi. Ya zauna da marasa lafiya da malamai ya tantance abin da mutum ke nufi idan ya ce ƙaddara, domin bakuna biyu suna furta kalmar nan, kuma tsakaninsu akwai nisan gabas da yamma. Ɗaya yana cewa Allah Ya ƙaddara, hannunsa na kan kwalbar magani. Ɗayan yana cewa Allah Ya ƙaddara, ya tura kwalbar ƙarƙashin gado.

Amma kada wannan gyara da muka yi wa takardar ya sa mu yi alfahari. Su sun kasa bambance tawakkali da karaya saboda ba su san tawakkali ba. Mu da muka san shi, mun bambance su a ɗakin waccan baiwar Allah? Su aƙalla sun zauna sun tambayi marar lafiya abin da ke cikin ransa, sun rubuta, sun sake tambaya bayan wata 6 domin su ga ya ƙaru ko ya ragu. Mu kuwa mun ji mace ta ce ta bar magani, muka ce madalla da haƙuri.

Alhali addininmu ya riga kowa sanya wa wannan ciwo na zuciya suna. Hausawa na cewa ɗan Adam ajizi ne, kuma gaskiya ne, babu mai dabara ko ƙarfi sai da Allah. Sanin haka ibada ne. Amma akwai wata gajiyawa dabam wadda Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsari daga gare ta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas (R.A.), kuma ya jera ta tare da damuwa da baƙin ciki da kasala. Ku duba wannan jeri, ku duba abin da masu bincike suka gano cewa jin gazawa da baƙin ciki tare suke tafiya. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) kuma, ya hori mumini da ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya, sannan in wani abu ya same shi ya mayar da shi ga ƙaddara ya bar da-na-sani. Ku lura da tsarin: ƙoƙari ne a gaba, ambaton ƙaddara yana biye. Wanda ya juya tsarin, ya sa ƙaddara a gaba domin ta tare masa hanyar ƙoƙari, ya ɗauki kalmar gaskiya ya ajiye ta inda ba mazauninta ba.

Annabi Ayyuba (A.S.) shi ne wanda ake buga misali da haƙurinsa a kan ciwon jiki. To, shiru ya yi? A cikin Suratul Anbiya'i an ba mu labarin ya kira Ubangijinsa ya faɗi cewa cuta ta shafe shi. Da lokacin waraka ya zo, kamar yadda ya zo a Suratu Sad, Allah da Yake da ikon warkar da shi yana kwance, sai Ya umarce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Me bugun ƙafar majinyaci zai yi wa ƙasa? Nana Maryamu tana cikin naƙuda, ita kaɗai, har ta yi burin da ta mutu kafin wannan rana, aka umarce ta ta girgiza kututturen dabino. Duk wanda ya taɓa ganin dabino a Agadas ko a Kawar ya san ƙato ma ba ya girgiza shi. Allah ba Ya buƙatar bugun Ayyuba ko girgizar Maryamu. Su ne suke buƙata, domin bawa idan ya motsa da umurnin Ubangijinsa, ko da motsin ƙanƙane ne, zuciyarsa takan tashi tsaye. Abin da masana suka cimma a 2016, cewa sanin akwai wani abu a hannunka koyon sa ake yi, ga shi Allah Yana koyar da zaɓaɓɓun bayinSa a lokacin da suka fi kowa rauni.

Sayyidina Umar (R.A.) ya fahimci haka. Da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Ciwo ƙaddara ne, ƙwayar magani ma ƙaddara ce, kuɗin motar zuwa asibiti da ɗan'uwa ya miƙo su ma ƙaddara ne.

Wani zai ce: ai likitoci da bakinsu sun ce wannan ciwo ba su da maganin da ke tumɓuke shi. Haka ne, har yau ba su da shi, kuma duk wanda ya ce muku yana da shi a ƙullin leda, kuɗinku yake so. Amma rashin mai tumɓukewa ba ya nufin rashin mai sassautawa. Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani, wasu su sani, wasu su jahilta, kuma sanin yana buɗuwa ne kaɗan-kaɗan. Kafin wajen 1980, idan wannan ciwo ya faɗa wa ƙoda da hawan jini mai tsanani, kusan hukuncin ajali ne. Da aka samo kaftofiril da danginsa, da yawa suka tsallake, muddin an gane da wuri. Akwai magungunan da ke buɗe hanyoyin jinin yatsu, akwai na ƙwannafi, akwai masu rage wa garkuwar jiki zafin kai domin a kare huhu, kuma a 2019 hukumomin Amurka sun amince da wani sabon magani mai rage saurin ƙandarewar huhun. Wasunsu suna da tsada ƙwarai, ba mu ɓoye ba, wasu kuwa ana samun su a farmasi na garuruwanmu. Ita waccan baiwar Allah da ta ce in ta sha haka in ba ta sha ba haka, yatsunta take kallo, alhali wataƙila maganin ƙodarta yake tsare mata, kuma babu wanda ya zauna ya bayyana mata da Hausar da za ta gane.

A nan laifinmu yake, mu masu zuwa gaisuwa. Kalmar "a yi haƙuri" kalma ce mai albarka, amma mun mayar da ita murfi. Majinyaci ya buɗe baki zai faɗi abin da ke cin sa, sai mu yi maza mu rufe. Ya gwada sau biyu, sau uku, ya ga babu mai son ji, sai ya yi shiru, mu kuma mu ce ya kai maƙurar haƙuri. Malamai sun bambance tsakanin kai ƙarar Allah wurin bayi cikin fushi, wanda shi ne abin zargi, da ba da labarin ciwo ga likita ko masoyi, wanda babu laifi a cikinsa. Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas (R.A.) ya faɗa wa Annabi irin yadda ciwo ya kai masa, a Makka, shekarar hajjin ban kwana, ba a tsawata masa ba. Shi kansa mafificin halitta ya faɗa wa Ibnu Mas'ud (R.A.) cewa zazzaɓinsa yana kai na mutum biyu. Ku tuna kuma da baƙar matar nan mai farfaɗiya wadda Ibnu Abbas (R.A.) ya nuna wa almajirinsa Aɗa'u a matsayin ƴar Aljanna. Ta zaɓi ta yi haƙuri da ciwon, amma ba ta tsaya nan ba, ta roƙi Annabi ya yi mata addu'a kada jikinta ya dinga buɗewa idan ta faɗi, kuma ya yi mata. Ta rarrabe abin da za ta ɗauka da abin da za ta nemi a gyara, ba ta dunƙule su ta kira su duka ƙaddara ba.

Saboda haka idan mun je gaida mai irin wannan ciwo, ba sai mun riƙe takarda da biro ba, amma mu ari ɗabi'ar masu takardar. Mu zauna, mu tambaya, mu saurari amsa har ƙarshe. Mene ne kika fi jin zafin rasawa cikin ayyukan da kika saba? Akwai abin da in kin yi kike jin dama-dama? Kina ganin maganin yana yin wani abu? Barci fa, da abinci? Wanda ya ce kome bai da amfani, ya daina ci, ya daina son ganin mutane, ko ya fara cewa gara mutuwa, kada a tsaya ga yi masa wa'azin cewa an hana burin mutuwa. Hanin gaskiya ne, amma wannan alama ce ta ciwon baƙin ciki, wanda shi ma yana da magani, sai a sanar da likitansa.

Sannan mu nemo masa abin da ke hannunsa, kome ƙanƙantarsa, mu taya shi har ya ga amfaninsa da idonsa. Mafi kusa shi ne alwala. Ruwan randa na asubahin hunturu yana ɗauke jinin yatsun mai wannan ciwo nan take, kuma maimaita hakan na iya jawo gyambo. Mace nawa ce ke tsoma hannu cikin wannan ruwa tana hawaye, tana zaton rage zafin rage lada ne, ko kuma ta bar sallar gaba ɗaya tana jin ta zama abin ƙi wurin Allah? A ɗuma mata ruwa, a ajiye a fulas tun dare. In ta kasa kamfata, wani ya zuba mata. In akwai miki da aka ɗaure, ta yi shafa a kan ɗaurin. In ruwan zai cutar ko ya jinkirta warkewa, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa taimama ta halatta, kuma sallarta cikakkiya ce. Ta yi salla a zaune in tsayuwa ta gagara, ta ɗora hannu yadda ya samu ko da yatsu ba su miƙe ba. Azumi kuma, in likita amintacce ya ce zai cutar, Allah Ya ba da rangwame, ta tambayi malami abin da ya hau kanta. Mutumin da aka mayar masa da sallarsa an mayar masa da abu guda sau 5 a yini wanda ciwo bai ƙwace ba.

Sauran kuma sanannu ne ga likitoci: safar hannu da ta ƙafa da rufe jiki duka lokacin sanyi, shafa mai kamar man kaɗe domin fata ta yi laushi, miƙar da yatsu da wage baki kowace rana domin kada su ƙara tsukewa, cin abinci kaɗan-kaɗan, ƙin kwanciya da cikakken ciki, ɗaga wajen kan gado, nisantar taba da hayaƙinta, da auna hawan jini a kai a kai, musamman a shekarun farko na ciwon. Wata ƙungiyar marasa lafiya da masu bincike mai suna SPIN, wadda aka kafa a Montreal ta Kanada a 2011, ta shirya darussan motsa hannu a intanet har da Faransanci, yaranmu ƴan makaranta suna iya dubawa su koya wa iyayensu. Gargaɗi ɗaya muke ƙarawa da babbar murya: ƙwayoyin nan na kotizon da ƴan talla ke sayarwa a faranti, waɗanda wasu mata ke sha domin ƙiba ko ciwon jiki, shan su da yawa yana iya tayar da ciwon ƙoda ga mai wannan cuta. Kada a ba shi sai da sanin likita.

Ku kuma maza, ku ji tsoron Allah. Wannan ciwo ba kuturta ba ne, ko da yatsu sun lanƙwashe kuma launi ya sauya, kuma ba a ɗaukar sa ta cin abinci tare, ko ta shimfiɗa, ko ta musabaha. Ba sammu ba ne da za a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya, a raba zumunci a banza. Wanda ya ware wa matarsa kwano, ko ya mayar da ita gidansu don hannunta ya daina tuƙa tuwo, ya sani shi ne ya ƙara mata maki a ma'aunin karaya, kuma akwai wani ma'auni a gaba wanda ba a tauye kome a cikinsa. Muslim ya ruwaito cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan majinyacin da bai gaishe shi ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya same Shi a wurinsa. In wannan ne matsayin wanda bai je ba, ina ga wanda ya kora? Kada kuma tausayi ya kai mu ga ƙwace mata kome. Wadda ba ta iya daka tana iya tsintar wake, tana iya biya wa yara karatu, tana iya riƙe lissafin cefane, kuma a ci gaba da shawartar ta a kan lamarin gidanta kamar da.

Mun koma gidan ɗan'uwan nan bayan kwana 10, wannan karon tare da mata biyu daga kwamitin wa'azin mata, ɗayarsu ma'aikaciyar jinya ce. Suka shiga suka daɗe. Ashe abin da ya fi cin ranta ba yatsun ba ne, ƴarta ƙarama ce da ba ta iya yi wa kitso, da kuma sallar asuba da ta yi wata 2 tana jinkirtawa har rana ta fito don tsoron ruwa, tana ganin Allah Ya yi fushi da ita. Aka bayyana mata hukuncin, aka sayo fulas, aka auna jininta aka tarar ya hau, jama'ar masallaci suka haɗa kuɗin mota aka mayar da ita wurin likitanta a makon. Yatsun suna nan yadda suke. Amma mijin ya ce mana yanzu ita ke tuna masa lokacin magani, kuma ta sa babbar ƴarta tana yi wa ƙaramar kitso a gabanta, ita tana nuna mata inda za ta tsaga.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.